Amanar Ilmi a Sakkwato: Daga Isnadin Malamai zuwa Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wata matsala da ta taso wa jami'o'i a 'yan shekarun nan, amma a dube ta ta fuskar tarihin birnin Sakkwato. A ranar 30 ga Nuwamba 2022 wani kamfani na Amurka mai suna OpenAI ya fito da manhajar ChatGPT, wadda mutum zai rubuta mata tambaya da harshen yau da kullum, ita kuwa ta mayar masa da amsa a tsare, shafi ɗaya ko shafi goma, kafin ya gama gyara zama. Ba a daɗe ba wasu kamfanoni suka fito da nasu irinta, duk aka haɗa su a ƙarƙashin sunan ƙirƙirarriyar basira. Tun daga nan malamin jami'a, in ɗalibi ya miƙo masa jinga ko babin kundin digiri, sai ya tsaya yana tunanin ko wane ne ya rubuta, ɗalibin ko wayarsa. Wasu malamai suka ce a haramta abin ɗungurungum, wasu suka ce haramcin aikin banza ne tun da ba mai iya tsare shi.

Matsalar tana da sabuwar riga, amma tambayar da ke cikinta tsohuwa ce: idan mai neman ilmi ya ɗauki magana daga wani wuri, me ya wajaba a kansa? Malaman Sakkwato na ƙarni na 19 sun amsa wannan tambaya a aikace, a cikin littattafansu da zaurukansu, kuma amsar tasu ta fi wadda ake ji yau a ɗakunan taro ma'ana. A wurinsu ɗaukar maganar wani ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a ɓoye wanda aka ɗauko daga gare shi, ko a riƙa yawo da maganar da ba a iya kare ta a gaban malami.

Littafin Abdullahi a kan malamansa

A shekarar 1812, shekara uku bayan Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wani ɗan ƙaramin littafi mai suna Ida'un Nusukhi. Babu hukuncin fiƙihu a cikinsa, babu labarin yaƙi. Abin da ke ciki shi ne sunayen malaman da ya yi karatu a wurinsu, da littafin da ya karanta a gaban kowannensu. Ya faɗi cewa mahaifinsa ne ya koya masa Alƙur'ani, sa'an nan yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi ga wansa, Shehu Usmanu, inda ya karanta Ishiriniya da waƙoƙin Larabawan jahiliyya, da littattafan tauhidi na Sanusi, da Ajuruma a nahawu, da Ahalari da Ishmawi da Risala a fiƙihu. Bai tsaya a kansa ba, sai da ya kawo malaman Shehu su ma: Usmanu Binduri, da Muhammadu Sambo wanda ya karantar da shi Muhtasar, da Muhammadu ɗan Raji wanda aka ɗauki Sahihul Buhari a wurinsa, da Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda Shehu ya bi har Agadas.

Ya kamata a tuna wane ne mai wannan rubutu, da lokacin da ya yi shi. Abdullahi a sa'an nan ya riga ya shahara, shi ne wazirin Shehu, ya jagoranci rundunoni, kuma a fagen Larabci da wuya a sami tamkarsa a ƙasar Hausa. Mutum irin wannan, da ya so, sai ya bar na baya su ɗauka ilmin nasa daga sama ya faɗo. Maimakon haka sai ya zauna ya lissafa basussukan da ake binsa, har da na malaman ƙauye waɗanda in ba don wannan littafi ba da sunansu ya ɓace. Da Mervyn Hiskett ya buga littafin tare da fassarar Ingilishi a 1957, masana tarihi suka sami manhajar karatun ƙasar nan kafin jihadi a shimfiɗe, littafi bayan littafi. Shehu ma yana da nasa irin wannan, Asanidul Faƙiri, inda ya jero salsalar waɗanda ya karɓi ilmi daga hannunsu, wannan daga wancan, har a dangane da mawallafi. Ta wajen Malam Jibrilu salsalar tana bi ta kan Murtala Azzabidi, babban malamin Alƙahira wanda ya rasu a 1791. Watau almajirin da ke zaune a kan buzu a Ɗagel yana iya faɗin hanyar da hadisin da ke hannunsa ya biyo, mutum bayan mutum, tun daga Misra da Hijaz.

Wanda ya buɗe littattafan Shehu, kamar Ihya'us Sunna ko Bayanu Wujubil Hijra na 1806, zai ga wani abu da zai ba ɗalibin yau mamaki. Shafi bayan shafi maganar wasu ce: Almagili, da Suyuɗi, da Ahmadu Zarruƙu, da Ibnul Hajji mai Madhalu. Da za a zuba irin wannan rubutu a cikin manhajar gano satar fasaha da jami'o'i ke amfani da ita, lalle da ta yi masa ja daga sama har ƙasa. Amma babu sata a ciki ko ƙwaya ɗaya, domin akwai ƙa'idar da marubutan Larabci ke bi, su ma suka bi ta sau da ƙafa. Kafin a ɗauko magana sai a ambaci mai ita da littafinsa. Inda ta ƙare sai a rubuta kalmar intaha, watau ta ƙare. Idan mawallafi zai sa bakinsa sai ya rubuta ƙultu, watau ga tawa. Da waɗannan kalmomi biyu mai karatu ya san iyakar gonar kowa. Abdullahi ya bi wannan hanya a tafsirinsa Liya'ut Ta'wili, wanda ya tsamo daga tafsiran magabata irin su Baidawi da Jalalaini, ya kuma mayar da wasu littattafan Suyuɗi waƙe domin almajirai su ji sauƙin hadda, bai kuwa ɓoye cewa na Suyuɗi ne ba. Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo wasiƙun Shehu Alkanemi na Barno, wanda ke sukar jihadin, da kalmomin mai su, kafin ya mayar da martani. Ko abokin gāba ba a yi wa maganarsa kwaskwarima ba.

Haka abin yake a waƙa. Tabbat Haƙiƙa, wadda har yanzu ake rerawa, hannu uku ne a cikinta: Shehu ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. An san rabon kowa, ba a kuma taɓa ganin hakan ya rage darajar ɗayansu ba.

Ambaton madogara rabin amanar ne. Ɗaya rabin yana cikin zaure. A makarantar ilmi almajiri ba ya miƙa takarda ya juya baya. Yakan zauna gaban malam da littafinsa, ya ja baƙi, malam ya fassara masa da Hausa ko Fulatanci, ya warware masa abin da ya shige duhu, sa'an nan na bayansa ya matso da nasa littafin. Wanda bai yi bita ba, tun a layin farko wasali zai tona masa asiri. Sai an sauke littafi a haka, wani lokaci bayan shekaru, malam zai ba da ijaza, watau izinin karantar da wannan littafi da ruwaito shi, tare da salsalar malamin. Ijaza shaida ce da mutum ɗaya ya bayar a kan mutum ɗaya wanda ya ji karatunsa da kunnensa. In almajirin ya fita ya yi ta kwaɓa, sunan malaminsa ne ya zube, saboda haka malamai ba su yi garajen bayarwa ba. Gaskiya ne akwai ijazar da ake bayarwa don neman albarka kawai, ba tare da doguwar zama ba, amma masu ilmi sun san bambancin, ba a kuma ɗora wa mai irin wannan nauyin fatawa.

Jabun da aka yi a Masina

Kada a ɗauka zamanin nan na malamai babu maƙirƙira a cikinsa. Akwai misali guda da ya shafi Sakkwato kai tsaye, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, don ya yi kama da abin da na'ura ke yi yanzu. A 1818 Shehu Ahmadu Lobbo ya kafa daularsa a Masina, cikin ƙasar Mali ta yau, ya gina Hamdallahi ta zama hedkwata. Da farko ya nemi goyon bayan Sakkwato, daga baya ya so ya tsaya da ƙafarsa. Wani malaminsa, Nuhu ɗan Ɗahiru, ya ɗauki wani tsohon littafin tarihin Songhai da aka rubuta a ƙarni na 17, ya sake masa fasali, ya jingina shi ga wani malami na ƙarni na 16 mai suna Mahmudu Ka'ati, sa'an nan ya cusa masa labari. Labarin shi ne wai lokacin da Askiya Muhammadu ya tafi hajji wajen 1496, ya sadu da Imam Suyuɗi a Alƙahira, Suyuɗi ya gaya masa shi ne halifa na 11, na 12 kuwa zai bayyana a Masina, sunansa Ahmadu. Aka rubuta wasiƙu ɗauke da wannan bushara aka aika ƙasashe.

A duba yadda jabun ya yi kyau. Suyuɗi mutum ne na gaske, malaman ƙasar Hausa kuwa ba wanda suke girmamawa kamarsa. Askiya ya yi hajji da gaske. Larabcin daidai ne, salon na tarihi ne. Abin da babu kawai shi ne asali. Da saƙon ya iso wannan nahiya, Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Hadija, ya rubuta amsa ya ƙi yarda da da'awar. Turawa kuwa suka haɗiye ta. A 1913 Houdas da Delafosse suka buga littafin a Faris da sunan Tarihul Fattashi, aka yi ta kafa hujja da shi a jami'o'in duniya, har sai da Nehemia Levtzion ya nuna a 1971 cewa an yi masa cushe, Mauro Nobili kuma ya warware yadda aka yi aikin a littafinsa na 2020. Ƙarya mai kyakkyawar sutura da sunan babban malami a goshinta ta fi shekara 100 tana yawo a ɗakunan karatu.

Daga zaure zuwa ɗakin jarrabawa

Bayan da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris 1903, sai wata hanyar shaidar ilmi ta shigo, watau jarrabawar takarda. Mai gyara takarda bai san mai ita ba, lamba kawai yake gani, abin da ke rubuce shi ne hujja. Wannan tsari yana da adalcinsa, don ɗan talaka da ɗan sarki sukan zama ɗaya a gabansa, yana kuma iya ɗaukar dubbai a lokaci guda. Rauninsa shi ne ya raba rubutu da mai rubutu, kuma ta wannan kafa maguɗi ya shigo. Fitar tambayoyin jarrabawar WAEC a 1977 ta sa gwamnati ta kafa kwamitin bincike, a 1984 gwamnatin soja ta yi dokar ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, a 1999 aka sake wata dokar. Tsananin hukunci bai kashe cutar ba.

Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 ta kuma ɗauki ɗaliban farko a 1977, aka sake mata suna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta gaji wannan tsari kamar sauran 'yan uwanta: jinga, gwaji, jarrabawa, kundi. Kowane sabon kayan aiki da ya zo ya sauƙaƙa karatu, ya kuma sauƙaƙa sata. Injin hoton takardu ya sa ana iya ɗauko kundin wata jami'a a canja masa bango. Wayar salula da ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, da intanet da ta biyo ta cikin aljihu, suka kawo kwafe-ka-liƙa. Duk da haka ɓarawon wancan lokaci yana da asalin da ya sata, malami mai ƙwazo yana iya nemo shi ya ajiye takardun biyu gefe da gefe.

Na'urar da ba ta da malami

Ƙirƙirarriyar basira ta rushe wannan. Yadda take aiki shi ne an ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, mafi yawansu na Ingilishi, har ta gane wace kalma ce ta fi dacewa ta bi bayan wace. In an tambaye ta, sai ta riƙa jero kalmomi bisa wannan ƙiyasi, abin da ya fito kuwa sabo ne, ba a taɓa rubuta shi haka a ko'ina ba. Saboda haka babu asalin da za a ajiye gefe da gefe. Saboda haka kuma, in an auna ta da ma'aunin Abdullahi, ba ta iya rubuta nata Ida'un Nusukhi. Ta ɗauka daga dubban marubuta, amma ba ta iya cewa wannan jimla daga wane ta zo. Babu intaha a maganarta, babu ƙultu.

Mafi haɗari shi ne takan yi irin aikin Nuhu ɗan Ɗahiru ba da niyya ba. In aka matsa mata ta kawo madogara, wani lokaci sai ta haɗa sunan masani na gaske da sunan littafin da bai taɓa rubutawa ba, ta sa shekara da lambar shafi. A watan Yuni 2023 wata kotun tarayya a birnin Niyok ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun miƙa mata takarda mai ɗauke da shari'o'in da ChatGPT ta ƙago, ba su kuwa bincika ba. An inganta manhajojin daga baya, wasu suna iya leƙa intanet su nuna shafin da suka gani, amma ƙagen bai ƙare ba. Ga ɗalibin tarihi ko Hausa ko Larabci a Sakkwato haɗarin ya ninka, domin abin da yake nazari da yawa yana cikin rubutun hannu, a gafakar malamai da ɗakin ajiya na Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, inda na'urar ba ta taɓa shiga ba. Rashin sani kuwa ba ya sa ta yi shiru. Marigayi Waziri Junaidu, wanda ya riƙe waziranci daga 1948 har rasuwarsa a 1997, shi ne ya buɗe wa Murray Last littattafan gidansa, daga nan littafin tarihin daular na 1967 ya fito. Irin wannan ilmi har yanzu sai an cire takalmi an shiga zaure ake samunsa.

Jami'o'i da yawa sun fara neman mafita wajen wata na'urar, wadda aka ce tana gane rubutun 'yar uwarta. Wannan dogaro ne da rassan da ba su da ƙwari. OpenAI da kanta ta janye manhajarta ta gano irin wannan rubutu a watan Yuli 2023 saboda yawan kuskure. A shekarar kuma wasu masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji da rubutun mutanen da Ingilishi ba harshensu na gado ba ne, sai suka ɗauki fiye da rabinsa a matsayin aikin na'ura. Ɗalibin da ya taso da Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci, wanda Ingilishinsa na aji ne, mai sauƙin jimla, shi ne na farko da za a zalunta idan kwamitin ladabtarwa ya ɗauki hukuncin manhaja a matsayin shaida.

Abin da manyan mujallun kimiyya suka tsayar tun farkon 2023 ya fi kusa da hanyar malaman Sakkwato. Mujallar Nature ta ce ba za a sa ChatGPT cikin jerin mawallafa ba, don ba ta iya ɗaukar alhakin abin da aka rubuta, amma wanda ya yi amfani da ita ya bayyana inda ya yi da yadda ya yi. Wannan ai ƙultu da intaha ne aka sake ganowa. Ɗalibin da ya sa na'ura ta gyara masa nahawun Ingilishi, ko ta warware masa wani babi mai wuya kafin ya koma ga littafin, ko ta yi masa tambayoyin bita, sa'an nan ya rubuta a ƙarshen aikinsa cewa ga abin da ta yi masa, bai ci amana ba, muddin malamin darasin bai hana ba. Wanda ya karɓi shafi biyar daga gare ta ya ɗora sunansa a sama ya yi da'awar ƙarya, ko da kowace jimla a ciki gaskiya ce. Wanda kuwa ya kwafi madogarar da bai gani da idonsa ba ya zama mai ruwaito abin da bai ji ba, irin mutumin da malaman hadisi ke jefar da ruwayarsa. Ma'aikacin gwamnati ma bai fita daga wannan hukunci ba: takardar da ya sa wa hannu ya miƙa wa babban sakatare tasa ce, in alƙaluman da ke ciki na ƙage ne ba waya za a kira ta yi bayani ba.

Sauran rabin amanar, watau zaman gaban malam, shi ne mai tsada. Jami'a ba ta rasa shi gaba ɗaya ba, don har yanzu ɗalibin babban digiri yakan zauna gaban masu jarrabawa ya kare kundinsa da baki, kuma a can ne ake gane mai kaya da ɗan dako. Minti biyar na tambaya a kan jinga sun isa su nuna ko ɗalibi ya san abin da ya miƙa: me ya sa ya zaɓi wannan misali, a ina ya ga wannan littafi, me marubucin ya ce a babin da ke gaba. Sai dai malamin zaure almajirai kaɗan yake saurara a yini, malamin darasin gama-gari a aji ɗaya na jami'a kuwa yana iya fuskantar ɗalibai 600. In ya ba kowanne minti biyar, awa 50 ke nan a kan jinga ɗaya, ban da lacca da gyaran takardu. Wannan lissafi ba ɗalibi ne zai warware shi ba, ba kuma malamin ba. Yana kan teburin majalisar jami'a da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da ma'aikatun da ke tsara kasafin kuɗi, waɗanda su ne ke yanke yawan ɗaliban da za a ɗauka da yawan malaman da za a biya su saurare su.